Ƙawanya a Bakin Teku

Mu mutanen Isa da Sabon Birni ba mu san wani babban ruwa ba wanda ya wuce gulbin Bunsuru da gulbin Rima, su ma kuwa in rani ya yi nisa yaro ya kan ƙetare su da ƙafa. Saboda haka in aka ɗauko zancen teku da jiragen yaƙi, mai sauraro ya kan ce a ransa, ina ruwan biri da gada? Tsakaninmu da Ikko ya fi mil 600, tsakaninmu da Tarabulus kuwa sai an ratsa Sahara, tafiyar watanni bisa raƙumi. Duk da wannan nisa, abin da jiragen Turawa suka aikata a waɗannan wurare ya iso har ƙofar kakanninmu, ya taɓa kasuwarsu da makamansu, daga baya kuma ya taɓa sarautarsu.

Dalili kuwa shi ne, ƙasar Hausa tun da can kamar gida ce mai ƙofa biyu. Ƙofar arewa ita ce Tarabulus, a bakin Bahar Rum. Ayari ya kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas, ɗauke da hauren giwa da gashin jimina da bayi da jar fatar akuya irin wadda a ke kiwo a ƙasarmu, ya komo da takarda da alharini da takubba da madubai. Ƙofar kudu kuwa su ne garuruwan bakin teku, watau Ikko da Badagiri da Wida. Ta nan bindiga da albarushi su ke shigowa. Har kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da su, daga tsibiran tekun Indiya jiragen Turawa su ke kwaso su, su sauke a wannan gaɓa, fatake su hauro da su arewa. To, wanda ya zauna a bakin ƙofar gida, ko bai shiga ciki ba, shi ke da ikon abin da zai shiga da abin da zai fita.

Ita ƙawanya ba baƙuwa ba ce wurin Bagobiri. An kewaye Alƙalawa ba sau ɗaya ba kafin a ci ta a 1808. A watan Oktoba 1826 Sarkin Musulmi Bello ya sauka da rundunarsa a Konya, inda Gobirawa suka tare a lokacin nan, aka yini ana ɗauki ba daɗi, ganuwa ba ta karye ba, rundunar ta janye. Wani Bature ɗan Ingila, Kyaftin Kilapatan, wanda a ke kira Abdullahi, yana cikin sansanin ran nan, ya rubuta abin da ya gani. Birnin da ya gagara da hari, dabarar da ta rage ita ce a zauna masa a kan hanyoyi. Wannan na cikin amfanin garuruwan ribaɗi irin su Wurno da Lajinge da Shinaka, da Isa ita kanta, domin ban da tsaron iyaka, su kan ƙuntata wa abokin gaba wajen fatauci da noma da kiwo. Bello kuwa ya san zafin tsare hanya ta kowace fuska. A zuwan Kilapatan na farko, cikin 1824, ya yi shawara da shi a kan yadda za a buɗe ciniki da Ingila ta bakin teku, har ya rubuta wa Sarkin Ingila takarda. A zuwansa na biyu kuwa, da ya tarar Baturen na ɗauke da wasiƙa da makamai zai kai wa Shehu Laminu na Barno, alhali ana yaƙi tsakaninsu, sai ya karɓe su, ya hana shi wucewa. A Sakkwato Kilapatan ya mutu cikin Afirilu 1827.

To, ƙawanyar teku haka ta ke, sai dai ta fi ta tudu sauƙi ga mai yin ta. Ba a haƙa rami, ba a kafa sansani, ba a neman abincin dawaki. Babbar ƙasa ta kan aiko da manuwa, watau jiragen yaƙi masu ɗauke da igwa, su tsaya daura da tashar ƙaramar ƙasa, a yi shela ga dukkan al'ummai cewa daga rana kaza ba shiga ba fita, jirgin da ya taka doka a kama shi da kayansa. Sarakunan bakin teku kuwa yawancin abin da ke shiga baitulmalinsu daga kuɗin fito ne da ribar ciniki. In jirage suka daina zuwa, baitulmali ya kan fara bushewa, sa'an nan albarushi ya ƙare, sa'an nan attajiran gari su taso wa sarki da kuka, su ce ya ba da abin da a ke nema a huta. Mai ƙawanya yana zaune cikin jirginsa, ba wanda ya isa ya taɓa shi, gama ƙaramar ƙasa ba ta da jirgin da zai fita ya kore shi.

Masanan shari'a na Turai har suna suka raɗa wa wannan aiki, suka ce ƙawanya ce ta lumana, wai tun da ba a yi shelar yaƙi ba, ba yaƙi ba ne. A 1850 Ingila ta tsare tashar Girka da jiragenta saboda diyyar da wani talakanta, mai suna Don Fasifiko, ya ke nema bayan 'yan gari sun washe gidansa a birnin Atina. A 1856 manyan ƙasashe suka taru a Faris suka yarda ƙawanya ba ta zama doka sai in akwai isassun jirage da za su tsare gaɓar da gaske. Mai karatu ya lura, wannan sharaɗi mai jirage da yawa kaɗai ya ke iya cika shi.

Bari mu fara duba ƙofar arewa. A 1827 Husaini, mai mulkin birnin Aljaza'ir, ya yi cacar baki da ƙaramin jakadan Faransa a kan kuɗin alkama da aka daɗe ana bin Faransawa, ya buge shi da abin korar ƙuda. Faransa ta tsare tasharsa shekara uku, da ta ga bai rusuna ba ta sauke soja a 1830 ta ci birnin, ba ta fita daga ƙasar ba sai 1962. Tarabulus kuwa a zamanin nan tana hannun Yusufu Basha Karamanli, wanda ta wurinsa su Kilapatan suka sami iznin ratsowa zuwa Barno. Amurka ta riga ta tsare masa tasha tun tsakanin 1801 da 1805. Da ya tsufa bashin 'yan kasuwar Turai ya yi masa katutu. Jiragen Faransa suka zo a 1830 suka tilasta shi ya biya, na Ingila suka biyo a 1832 da tasu takardar bashin. Ba kuɗi a baitulmali, sai ya aza wa jama'a sabon haraji, jama'a suka yi masa tawaye, ya sauka daga gadon mulki a shekarar nan. A 1835 Turkawa suka aiko da nasu jiragen suka karɓe ƙasar, gidan Karamanli ya ƙare.

Amma a ƙofar kudu ne labarin ya fi tsawo, ya kuma fi shafar Hausawa, domin a nan akwai abin da ba ya faɗuwa da daɗi. Yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasashenmu tun daga 1804 sun jefa mutane masu yawa cikin bauta, waɗansu kuwa aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu ta Nufe da ƙasar Yarabawa har bakin teku, aka zuba su cikin jirage zuwa Birazil. Yawan Hausawa a lardin Bahiya ya kai har suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A babban tawayen Musulmi na 1835, wanda yawancin masu yinsa Yarabawa ne, an sami layu da takardu da rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe. Ingila, wadda a da tana cikin waɗanda suka fi kowa wannan mugun ciniki, ta haramta shi ga mutanenta a 1807, ta sa jiragenta su riƙa sintiri suna kama jiragen bayi. Waɗanda aka kuɓutar a kan sauke su a Saliyo, akwai Hausawa a cikinsu, daga bakinsu ne ma waɗansu Turawa suka rubuta harshenmu da boko. Sai dai teku na da faɗi, in an kama jirgi ɗaya waɗansu sun sulale. Saboda haka Ingilishi suka ga gara a je a toshe tashoshin da a ke lodi.

Sarkin Ikko a lokacin Kosoko ne, wanda ya kori Akitoye daga sarauta a 1845. Ƙaramin jakadan Ingila, Bikurof, ya nemi ya sa hannu a takardar barin cinikin bayi, ya ƙi. A watan Nuwamba 1851 aka kai masa hari, mutanensa suka kore shi. A ƙarshen Disamba aka komo da jirage masu yawa, aka yi ta ruwan wuta har rumbun albarushinsa ya kama, Kosoko ya gudu Efe, aka mai da Akitoye, ya sa hannu ran 1 ga Janairu 1852. A daidai wannan lokaci shugaban jiragen Ingila ya yi shelar tsare tashoshin gaɓar, har da Wida, wadda ita ce tashar Gezo, Sarkin Dahome. An yi shekaru ana aika wa Gezo manzanni yana ba su haƙuri, yana cewa sarautarsa da rundunarsa a kan wannan ciniki su ke tsaye. Da jirage suka tsaya a Wida, ba a yi mako biyu ba ya sa hannu, ran 13 ga Janairu 1852. Ya ƙarfafa cinikin manja a madadin na mutane, ko da ya ke kafin ya mutu a 1858 an koma sayar da bayi, ɗansa Gilele kuma ya ci gaba har sa'ad da kasuwar Kuba, wadda ita ce ta ƙarshe, ta rufe. Haka kuma aka yi wa Sarkin Zanzibar, Bargash, a 1873. Shi barazanar ƙawanya kaɗai aka yi masa, ya rufe kasuwar bayi ta garinsa.

A nan ya kamata a tsaya a yi adalci. Ba mai hankalin da zai yi baƙin cikin rufe kasuwar da a ke sayar da 'yan Adam, balle mu da 'yan'uwanmu ne a ke ɗaurewa a cikinta. Bahaushen da aka fitar daga cikin jirgi aka kwance masa mari a Saliyo, ba shi da abin cewa game da manuwar Ingila sai godiya. Amma a duba abin da ya biyo baya. Shekara goma ba ta cika ba, jirgin yaƙi mai suna Furomitiyas ya tsaya a gaban Ikko, aka ce wa Dosumu ɗan Akitoye ya miƙa garin ga Sarauniyar Ingila. Ya yi gardama ta 'yan kwanaki, ran 6 ga Agusta 1861 ya sa hannu, aka yanka masa buhun wuri 1,200 kowace shekara. Shi Dosumu ba a ce yana sayar da bayi kamar Kosoko ba, cewa aka yi ba shi da ƙarfin hanawa. Makamin da aka wasa don kyakkyawan aiki, da aka ga kaifinsa, ba a mai da shi kube ba. A Ikkon nan ne kuma Kyaftin Gulofa ya tara waɗansu Hausawa a 1863, yawancinsu bayi ne da suka gudo, ya koya musu harbi da fareti. Su ne tushen rundunar da daga baya ta hauro arewa.

Ƙawanya ta biyu da aka yi wa Dahome ita ce ta fi nuna halin wannan makami, don ita babu zancen bayi a cikinta ko kaɗan. A farkon 1876 hakiman Gilele a Wida suka kama wani Bature ɗan kasuwa mai suna Tambul, suka wulakanta shi, saboda ya sa baki cikin wata rigima tsakaninsu da wani attajiri. Shugaban jiragen Ingila, Hiwet, ya zo ya yanke wa Dahome tara, ganga 500 ta manja. Ganga ɗin nan kuwa ba ƙarama ba ce, irin manyan nan ne na itace waɗanda ƙarti ke mirginawa. Gilele ya ƙi biya, gama a ganinsa sarki ba ya biyan tara ga baƙo a kan hukuncin da aka yi cikin ƙasarsa. Daga watan Yuli 1876 jirage suka tsare gaɓar. Shi kuma ya hana Turawan da ke zaune a Wida fita, ya riƙe su kamar jingina.

Aka shiga kallon kallo har wata goma. Abin da Ingilishi ba su lissafa ba shi ne, Dahome ƙasar noma ce, tana ci da kanta, babban birninta Abomi kuma yana can cikin tudu inda igwar jirgi ba ta kai wa. Talaka na da doyarsa da masararsa, rashin barasa da yadin Turai ba ya kashe mutum. Waɗanda wuta ta fi ƙonawa su ne kamfanonin Faransawa, gama su ke da yawancin cinikin manja a Wida, ga kaya jibge ba jirgin ɗauka, ga mutanensu a tsare. Da abin ya ishe su, sai su da kansu suka tara ganga 200 suka biya a madadin sarki, Ingila ta karɓa, aka janye jirage a watan Mayu 1877. Gilele bai fid da ko ludayi ɗaya na manja ba. In aka tsaya a nan sai a ce ƙaramar ƙasa ta yi nasara, kuma lalle ta nuna ƙawanya ba ta da ƙarfi sosai a kan mutanen da abincinsu ke fitowa daga gonarsu. Amma wanda ya biya maka bashi ya sami bakin magana a gidanka. A watan Afirilu 1878 Faransawa suka sami takarda daga hakiman Wida wadda ta ba su wani ɗan ƙauyen bakin teku, shi ne Kwatano. Sarakunan Dahome sun yi ta musun cewa ba su ba da ƙasar ba, wurin ciniki kaɗai suka bayar. A kan wannan ƙauye aka yi yaƙin da ya ci su.

Behanzin ɗan Gilele ya hau gado a ƙarshen 1889, cikin 'yan watanni faɗa ya tashi a Kwatano. Faransa ta tsare gaɓa, ta yi wa Wida ruwan igwa, aka yi sulhu a watan Oktoba 1890 a kan za ta riƙa biyansa faran 20,000 kowace shekara ta riƙe Kwatano. Kowa ya san sulhun na ɗan lokaci ne. Behanzin ya shiga sayen bindigogi na zamani daga 'yan kasuwar Jamus da ke Wida. Faransawa na ganin haka, da za su koma yaƙi a 1892, abin da suka fara yi shi ne tsare gaɓar tun watan Yuni, don kada harsashi ɗaya ya ƙara shiga. Sa'an nan Kanar Dods ya hau ta kogin Weme da rundunarsa, a cikinta akwai Sanagalawa, akwai kuma ƙungiyar sojan Hausa. Dahomawa, maza da matan nan nasu mayaƙa, sun yi faɗa irin wanda Faransawa da kansu suka yaba, amma kowace rana harsashinsu raguwa ya ke yi, na Dods kuwa jirage na kawowa. Ran 17 ga Nuwamba 1892 aka shiga Abomi, an tarar sarki ya sa mata wuta ya yi arewa. Ya ba da kai a Janairu 1894, aka kai shi tsibirin Matinik, ya mutu a Aljaza'ir a 1906. Ƙawanya huɗu ke nan cikin shekara 40. Ta farko takarda aka nema, ta biyu tara, a ta ƙarshe kuwa ƙasar ce dungum.

Mai karatu zai ce, to, ina wannan ya gamu da Sakkwato? Ga inda ya gamu. A watan Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Burusal, wadda a cikinta aka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogi na zamani, aka bar musu irin tsofaffin nan na ƙanƙara da a ke ɗura wa albarushi ta baki. An ce don hana farautar bayi aka yi, akwai kuma gaskiya a ciki. Amma doka irin wannan ba ta aiki sai ga wanda ya riƙe tashoshi, kafin nan kuwa kusan duk gaɓar ta shiga hannunsu. Kogin Kwara, wanda shi ne hanyar ruwa zuwa ƙasashenmu, yana hannun Kamfanin Neja tun 1886, jiragensa ke hawa da sauka, shi ke cewa wannan ya wuce, wannan ya tsaya. Sarakunan da suka so su yi gardama a bakin ruwa an riga an kawar da su: Jaja na Ofobo an kira shi cikin jirgi a 1887 aka wuce da shi, Nana na Itsekiri aka tsare masa kogi aka ci garinsa a 1894. Saboda haka sa'ad da Kamfani ya fāɗa wa Bida da Ilori a 1897, da sa'ad da sojan Lugga suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka tsaya a bayan Sakkwato ran 15 ga Maris, abin da yawancin jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ke riƙe da shi takobi ne da mashi da baka, a gabansu kuwa ga igwa ga bindiga mai ruwa. Ba a ce da an sami bindigogi da an yi nasara ba, gama Behanzin ya samu bai tsira ba. Amma an riga an rufe ƙofa shekaru kafin a zo, waɗanda ke ciki kuwa ba su ga jirgin da ya rufe ta ba.

Wani abin lura, a watannin nan da a ke shirin cin Kano, jiragen Ingila da Jamus da Italiya suna can sun tsare gaɓar Benezuwela a Amurka ta Kudu, daga Disamba 1902 zuwa Fabrairu 1903, saboda bashi. Ba su janye ba sai da ta yarda a riƙa cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin kwastan na manyan tashoshinta biyu ana biyan masu binta. Ita ba a ci ta ba, don Amurka ba ta son Turawa su kafa ƙafa kusa da ita. Dahome ba ta da maƙwabci irin wannan.

Ƙofar arewa ta ƙarasa rufewa a 1911. A ƙarshen Satumba Italiya ta yi shelar yaƙi da Turkawa, jiragenta suka tsare Tarabulus, suka yi mata wuta, suka shiga a farkon Oktoba. A shekarar nan kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga kudu. Ayarin Sahara, wanda dama ya raunana, bai sake tashi ba. Fatar akuyarmu ta juya ta bi reluwe zuwa Ikko, musamman da aka kawo hanyar har Ƙauran Namoda a 1929. Gida mai ƙofa biyu ya koma mai ƙofa ɗaya, mabuɗin kuwa yana hannun mai jirage.

Mutanen iyaka sun ɗanɗana ma'anar wannan a Yaƙin Hitila. Da Jamus ta ci Faransa a watan Yuni 1940, masu mulkin ƙasar Nijar suka bi gwamnatin da ta yi sulhu da Jamus. Ingila ta sa jiragenta suka takura wa tashoshin Faransa na Afirka ta Yamma, aka kuma rufe iyaka. Bagobirin Tsibiri da ɗan'uwansa na Sabon Birni, kaka ɗaya, harshe ɗaya, suka wayi gari kowa na ɓangaren da ke gaba da na ɗayan. Yadi ya yi wuya ƙwarai a ƙasar Faransa, fasa-ƙwauri ya yawaita, har sai da masu mulkin Dakar suka juyo wajen Ingila da Amurka a watan Nuwamba 1942.

Bayan yaƙin aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, aka rubuta cikin dokokinta cewa Kwamitin Tsaro na da ikon sa ƙawanya, a 1974 kuma babban taronta ya lissafa tsare gaɓar wata ƙasa cikin ayyukan ta'adi. Wannan bai hana mai ƙarfi ba, sai dai ya sa ana sake wa abin suna. Da Amurka ta tsare Kuba a 1962, cewa ta yi killacewa ce, kamar yadda a ke killace gari in annoba ta shiga.

Shi kuwa ƙauyen nan Kwatano ya girma ya zama babbar tasha. Gyaɗar Maraɗi a da ta Kano ta ke bi zuwa Ikko, amma daga 1953 Faransawa suka shirya motoci su riƙa kai kayan Nijar Faraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da su Kwatano, tun daga nan ta zama ƙofar Nijar ta zuwa teku. A ƙarshen Yuli 2023, bayan soja sun tuɓe Shugaba Bazum, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta rufe wa Nijar iyakoki, Nijeriya ta yanke mata wutar lantarki, aka hana kayanta fita daga tashar Kwatano. Wannan karon ba manuwa aka aiko ba, ba kuma Turawa suka tsare ƙofar ba, maƙwabta ne, amma aikin iri ɗaya ne. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil da Illela da Jibiya, shinkafa ta yi tsada a Yamai da Maraɗi, magani ya yi ƙaranci a asibitoci, kasuwannin wannan ɓangare namu kuma suka rasa masu saye daga arewa. Sojan ba su sauka ba. Ran 24 ga Fabrairu 2024 ƙungiyar ta janye takunkumin, a watan Maris aka buɗe iyakar Nijeriya da Nijar. Gadar Gaya kuwa, wadda ta haɗa Nijar da hanyar Kwatano, mahukuntan Yamai da kansu suka bar ta a rufe har shekarar ta ƙare, suka mai da kayansu tashar Lome ta ƙasar Togo, motoci na zagayowa ta Burkina Faso da rakiyar soja.